Abin da Ya Wuce Kima a Wuyan Tela

Briqueterie, Yawunde

Zuwa ga uwata, Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya, kin kuma fara sabawa da ranar Garwa, wadda na ji an ce ba ta san wasa ba. Allah Ya tsare mini ke a ɗaki da kan hanya, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki, Ya raba ki da sharrin mutum da na sauro. Innarki na gaishe ki ƙwarai. Mutanen shago ma duk suna gaisuwa.

Na san za ki ce me ya kai Baba rubuta wasiƙa alhali ga waya. To, a waya ba kya barina in yi magana. Da na yi sallama sai ki ce, "Baba, ka sha magani?" Kafin in gama cewa na sha, kin tambayi barcina, kin tambayi bugun zuciyata, kin ce a miƙa wa Inna ki tabbatar ba ƙarya nake ba. Sunan mahaifiyata na sa miki, ban san har da halinta za ki kwaso ba. Takarda dai ba za ki iya katse ta ba, don haka ki zauna ki saurara.

Magana ɗaya ce ta sa ni wannan rubutu: ina so ki zauna a makarantar likitancin nan har ki gama, kada ki dawo gida saboda ni. Na riga na ci miki shekara guda, saura ƙiris in ci miki ta biyu. Yanzu da Allah Ya sa kika tafi, hankalina ya kwanta irin kwanciyar da na daɗe ban ji ba, kuma ba na so komai ya tayar da shi. Abin da zan faɗa miki kin san mafi yawansa, a gabanki aka yi. Amma kin gan shi ne da idon 'ya. Ina so ki sake kallonsa da idon wadda za ta zauna gaban marasa lafiya irina, masu taurin kai.

Kin tuna yadda abin ya faro. Ina cin abinci kamar mutum biyu, amma ina zubewa. Damina ta sauka a Yawunde, kowa ya nemi rigar sanyi, ni kuwa ina zaune a bakin shago gumi na tsiyaya. Zuciyata na dukan uku-uku ko da ba abin da ya firgita ni. Hannuna ya soma rawa, har zare ya koma yi mini gardama a bakin allura, ni da nake zura shi tun ina yaro ba tare da na duba ba.

Wani mutum zai iya ramewa bai sani ba, amma ban da tela. Tef ɗin awo na rataye a wuyana tun safe har magariba. Wata rana da shago ba kowa, na zagaya shi a ƙuguna, na duba, na ga yadda awon ya ragu. Maimakon in tashi in nufi asibiti, sai na yi abin da na iya. Na cire kaftanina, na juya shi, na rage shi ta gefe biyu, na goge, na mayar. Ya zauna mini cif. Bayan ɗan lokaci ya sake yin yawa, na sake ragewa. Haka na bi kayana ɗaya bayan ɗaya, har wandunan. Mutum in ya rame, rigarsa ce ke fara tona masa asiri, ni kuwa na toshe wa tawa baki. Shi ya sa mutane ke cewa fuskata ta ɗan faɗa, amma ba wanda ya gane yadda jikin ya ƙare.

Abin mamakin shi ne, jiki na raguwa wuya kuwa na ƙaruwa. Maɓallin sama ya daina shiga. Shi ma na san dabararsa: na warware wuyan rigar, na buɗe shi, na ɗaga shi kaɗan yadda zai rufe kumburin. Har wani kwastoma daga unguwar Tsinga ya ga wuyan ya ce ya burge shi, in yi masa irinsa. Na yi masa kuwa.

Me nake tsoro? Sida, wato ƙanjamau. Yanzu ina iya rubuta sunanta, a lokacin ko a zuciyata ba na ambata. Na san ban taɓa bin hanyar banza ba, amma na yi ƙaho sau da yawa a hannun wanzamai, kuma na ji ana cewa aska ma na kawo ta. Ba mutuwa ce ta fi damuna ba. Bakin mutanen Birik, wato Briqueterie ɗinmu, nake tsoro. Kin san unguwarmu, in aka yi tari a bakin masallaci, kafin la'asar an ji a can unguwar Ekudu. Ina tunanin yadda za a riƙa kallon Innarki a gidan suna, da yadda za a riƙa nuna ki da baki. Sai na zaɓi in ƙi sani.

Ke kika kama ni, kuma da dutsen guga kika kama ni. Ran nan da kika juya farin kaftanina na Juma'a don ki goge cikinsa, kika fito tsakar gida da shi a hannu.

Kika ce, "Baba, wa ya rage maka wannan rigar?"

Na ce, "Wane irin ragi? Haka na ɗinka ta."

Kika ce, "Ga layin ɗinki nan har uku, kowanne ya fi na bayansa shiga ciki. Kuma zaren ba iri ɗaya ba ne."

Na manta 'yar tela na haifa. Innarki ta karɓi rigar ta duba, ta shiga ɗaki ta kwaso sauran, ta juya su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

To ga abin da nake so ki riƙe daga wannan. Marar lafiyan da zai zo gabanki ya riga ya daɗe yana rage rigarsa, kowa da irin nasa ɗinkin. Wata za ta shafa kwalli da hoda, wani zai zo da barkwanci, wani zai ce wa ɗan'uwansa yake tambaya. In kin ce, "Yaushe abin ya fara?" ya ce satin jiya, ki yi murmushi ki sake tambaya ta wata hanya. Kada ki kunyata shi. Ki nemi abin da yake tsoro tukuna, domin sau da yawa ba shi ne abin da ke damunsa ba.

Akwai kuma maganar faɗa, wadda har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A watannin nan na zama wani mutum dabam. Miya ta yi gishiri, faɗa. Ba ta yi ba, faɗa. Wani dattijo da nake wa ɗinki tun kafin a haife ki ya ce hannun rigarsa ya ɗan yi tsawo, na ninke masa shaddarsa na ce ya kai kasuwar Mokolo a yi masa. Innarki ta sha wuya a hannuna. Wata rana da na gama zazzaga mata masifa a kan ruwan wanka, ta dube ni ta ce, "Malam, ni dai na san wanda na aura, kuma ba wannan ba ne. Duk inda ka ajiye shi ka je ka ɗauko mini." Na ƙara hasala. Daga baya likita ta gaya mana cewa saurin fushin ma yana cikin ciwon. Na ji daɗin jin haka, amma ban ɗauke shi hujja ba, na bi mutane gida-gida na ba su haƙuri. Dattijon nan sai da na je sau biyu.

Don haka in marar lafiya ya ɗaga miki murya, kada ki yi saurin cewa marar tarbiyya ne. Wataƙila a gidansa ana kewar mutumin kirkin da yake. Ki duba shi da kyau. In kuma kin duba kin ga lafiyarsa ƙalau, rashin kunya ce kawai, to wannan kin san yadda za ki yi da shi, jinin kakarki na jikinki.

Ranar da muka koma asibiti karɓar sakamakon jini ba zan manta da ita ba. Likitar nan 'yar siririya mai gilashi ta fara da cewa ba sida ba ce, ta kuma ƙara da cewa ko da ita ce, akwai masu shan magani suna aikinsu suna aurar da 'ya'yansu, ɓoyewar ce ke kashe mutane. Na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Ban gama ajiyar zuciya ba sai ta ce abin da ke damuna shi ne hyperthyroïdie. Faransancina na firamare da na kasuwa ne, na san awo, na san ciniki, amma wannan kalma ban taɓa gamuwa da ita ba. Tsawonta kaɗai ya isa ya sa mutum ya fara tunanin wasiyya. Ta ci gaba da bayani da sauri, ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina cewa "oui, docteur", ba abin da ke shiga.

A kan bencin waje kika zaunar da ni. Kika ce, "Baba, kalmar gida biyu ce. Gaban nan, hyper, daga harshen Girkawa aka aro shi, ma'anarsa abu ya wuce kima. Bayan kuma sunan wani ɗan abu ne a gaban wuya, wurin da maƙoƙo ke fitowa. Shi ke gaya wa jiki saurin da zai yi aiki. Naka ya wuce kima, shi ke nan."

Na ce, "Ba wani abu ne ya shige ni ba?"

Kika ce, "Ba abin da ya shige ka. Kamar keken ɗinkinka ne aka taka shi har ƙasa aka ƙi ɗaga ƙafa. Maganin zai sassauta shi."

Uwata, a wurin nan na fara warkewa, kafin in haɗiyi ƙwaya ko ɗaya. Watanni ina kwana da dodo, ashe abu ne nawa na jikina ya yi yawa. Ban ga laifin likitar ba, layi ne a bayana har ƙofa. Amma ke in Allah Ya kai ki kujerar, kada ki jefa wa mutum doguwar kalma ki bar shi da ita ya tafi gida. Ki fasa masa ita gida-gida kamar yadda kika yi mini. In Bahaushe ne da Hausa, in Bafulatani ne da Fulatanci, in Pijin yake ji ki lallaɓa da ɗan abin da kika tsinta a kasuwa. Garwa za ta gyara miki Fulatancinki, kada ki ji kunyar a yi miki dariya.

Kin san halina, in na koyi abu sai kowa ya ji. Na koma majalisarmu ta bakin shagon Alhaji Buba mai yadi na zama malami. Alhaji ya ɗauko katinsa na asibiti, na ga hypertension, na ce masa, "Alhaji, kai ma ɗan gidanmu ne, naka jini ne ke bugu fiye da kima." Goggonki ta unguwar Madagaskar da ta zo gaisuwa, na duba nata na ga hyperglycémie, na ce sukari ne ya wuce kima. Ta ce ai ta sani tun ina da gashi. Har na jaririn maƙwabta da zafin jiki ya yi wa yawa, hyperthermie, sai da na fassara. Aka fara kirana Doktan Birik, ni kuma ina amsawa. Abin ya zo da sauƙi har ranar da Alhaji Buba ya ce tunda ciwonmu dangin juna ne, in ɗan ɗiba masa nawa maganin ya gwada, nasa ba ya jin aikinsa. Wallahi har na sa hannu a aljihu. Allah Ya kawo ki da kwanon abincina daidai lokacin, kika wanke mu tas mu biyu a gaban jama'a, kika ce ruwa ya yi yawa da wuta ta yi yawa duk yawa ne, amma ba abu ɗaya ake yi musu ba. Tun ranar na ajiye sarautar. Ki yi hankali da ɗan sanin farko, yana da daɗi a baki, kuma shekarar farko a makaranta za ki cika da shi.

Wannan shekarar ce ba ki zauna jarrabawar shiga makarantar ba. Ranar da ƙawayenki suka tafi rubutawa, kina tare da ni a layin awon jini. Ba ki taɓa yi mini gori ba, amma na ga yadda kika juya fuska da muka wuce su a tasi. Da shekara ta zagayo kika koma kan littattafanki, sai kika kafa mini sharaɗi: ko kin ci, ba inda za ki sai likita ta ce jinina ya daidaita. Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa ki da Goggonki, kika ƙeƙasa ƙasa kika ƙi.

A nan ne na tafka wautar da ta fi duka. Tela in Salla ta matso kaya sun taru, abin da ya sani shi ne ya ƙara hannu, ya ƙara lokaci, aikin wata ya gama shi a sati biyu. Sai na ce a raina, in ƙwaya ɗaya na sassauta abin a hankali, biyu za su gama da wuri. Na fara ninkawa ba wanda ya sani. Da farko har na ji daɗi, rawar hannu ta tafi, gumi ya ɗauke. Bayan 'yan makonni sai komai ya juye. Sanyi ya kama ni, ni da nake kwana ba mayafi. Fuskata ta kumbura, muryata ta dishe, ina cikin ɗinki sai in farka in ga kaina a kan keke. In aka yi mini tambaya sai an jira amsa. Ke kuma kika rufe littattafan gaba ɗaya, kika dawo shago kina gadina, jarrabawa na ƙaratowa.

Da muka koma asibiti, likita ta duba sakamakon, ta cire gilashinta, ta ce yanzu kuma hypothyroïdie ce. Wannan karon ban jira fassara ba, jikina ya riga ya gaya mini cewa ƙanwar waccan ce, abu ya gaza kima. Ta ce, "Malam, ƙwaya nawa kake sha?" Na dubi ƙasa, na dubi rufi, na faɗi gaskiya. Ta ce me ya sa. Na ce, "Yarinyar nan nake so ta tafi makaranta." Ba ki yi mini faɗa ba ranar. Hawaye kawai kike sharewa da bakin mayafi har muka iso gida, kuma wannan ya fi mini zafi a kan duk abin da za ki faɗa. Don in sallame ki da wuri na yi, sai ga shi na ƙara ɗaure ki.

Jiki ba ya karɓar aikin gaggawa, uwata. Karatu ma haka. Na san ki, za ki ce kin yi asarar shekara, sai kin rama, ki hana kanki barci da abinci, ki sha kofi kamar ruwa. Kada ki yi. Ki ɗauki abin da aka ɗora miki a rana, ki kwanta. In kuma kin rubuta wa mutum magani, kada ki tsaya a "safe da yamma". Ki gaya masa abin da zai faru in ya ƙara, domin wani ba don wauta zai ƙara ba, don ƙaunar wani zai ƙara.

Sauran kin sani. Aka mayar da ni kan ƙa'ida, Innarki ta karɓe maganin ta ɗaure a haɓar zaninta, sai ta miƙo nake sha. Kika koma karatu da rabin zuciya, kika rubuta jarrabawar, Allah Ya ba ki. Sunanki ya fito, lokacin rajista na ta tafiya, ke kuwa ko akwati kin ƙi taɓawa sai an yi awon ƙarshe. Ban taɓa addu'a a kan jinina kamar wannan satin ba. Likita ta dubi takardar ta ce ya daidaita, ba sama ba ƙasa. Na ce ta maimaita a gabanki. Ta yi dariya ta maimaita, ta ce miki, "Je ki, abokiyar aiki, babanki nawa ne yanzu." Da jirgin ƙasan Ngaundere ya ja daga tasha, Innarki na kuka, ni kuwa alhamdu lillahi kawai nake maimaitawa. Na dawo gida na ci tuwo na yi barcin rana, abin da ban saba ba.

Ki sani ciwon nan bai tafi ba, kuma likita ta ce yana iya ɗagawa ko ya sauka, a gyara magani a ci gaba. Wata rana za ki kira a ce miki Baba ya je awo, ko an canja masa ƙwaya. Wannan ba dalilin shiga mota ba ne. Na yi miki alkawari ba zan ɓoye komai ba, ba zan kuma ƙara ko in rage da kaina ba. Ke ma ki yi mini alkawari za ki bar ni da likitata da matata.

Shekaranjiya Innarki ta shiga share ɗakinki, ta kira ni in zo in gani. Ashe da ƙaramar jaka kika tafi. Babban akwatin na ƙarƙashin gado, atamfofinki na fita na ciki, da takalman Salla, da darduma, da manyan littattafan nan biyu da kika fi so. Na matsa mata da tambaya, ta ce kin ce mata zango ɗaya za ki gwada tukuna, in jikina ya motsa ki tattaro ki dawo, ba sai kin sha wahalar kaya ba. Na zauna a bakin gadon na daɗe ban tashi ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba, ba kowane uba ake wa haka ba. Amma ban yarda ba.

Direban da zai miƙa miki wannan takarda ɗan unguwarmu ne, yana kai kaya arewa. Ki bi shi bayan mota, akwatinki na nan. Ni na shirya shi da hannuna, ban bar ko ɗankwali ba. Ki buɗe shi, ki jera kayanki, ki kafa ƙusa ki rataye abin ratayewa. Nan ne gidanki har sai sun ba ki abin da kika je nema. Mu kuma muna nan, in hutu ya yi ki zo mana baƙunta, a yanka miki kaza.

Allah Ya buɗa miki ƙirji, Ya sa albarka a hannunki, Ya sa duk wanda ya zauna gabanki da tsoro ya tashi da sauƙi. Allah Ya kai wannan takarda lafiya, Ya same ki lafiya, Ya tsare ki har ranar da za mu gana. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini shekarar nan.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sani Tela